Tambayoyi da Amsoshi kan Tiyata da Wankin Ciki da Magani Mai Zafi idan Ciwon Daji ya Bazu a Tantanin Ciki

Iyalai da yawa suna fara jin labarin wannan aiki ne a makon da likita ya nuna musu hoton ciki ya ce ciwon ya bazu, sannan wani ɗan'uwa ya turo saƙo ta WhatsApp cewa akwai asibiti a ƙasar waje da ke wanke ciki da magani mai zafi. Aikin gaskiya ne, ana yinsa a manyan cibiyoyi, kuma likitoci suna kiran wankin da HIPEC a taƙaice. Sai dai aiki ne mai nauyi ƙwarai, amfaninsa ya bambanta daga wani ciwon zuwa wani, kuma akwai marasa lafiya da yawa waɗanda cutarwarsa gare su ta fi amfaninsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne tantanin ciki, kuma ta yaya ciwon daji yake kama shi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ranar layya ya ga wannan tantani, ko da bai kula da shi ba. Da zarar mahauci ya farka ciki, za a ga wata siririyar fata mai sheƙi ta shimfiɗu a bangon ciki, ta lulluɓe tumbi da hanji da hanta, sannan ga wani kitse mai kama da raga ya rufe hanjin kamar mayafi. Haka abin yake a jikin ɗan'adam. Da za a baje tantanin nan da duk lanƙwasarsa, faɗinsa ya kusa kai faɗin fatar jikin mutum baki ɗaya, kuma aikinsa shi ne fitar da ɗan ruwa mai santsi domin kayan ciki su riƙa motsi ba tare da sun goga juna ba.

Idan ciwon daji ya taso a babban hanji, ko tumbi, ko afendis, ko ma'ajiyar ƙwan mace, ya ci har ya ɓullo ta bayan bangon gaɓar, ƙwayoyinsa sukan zube cikin wannan ruwa. Ruwan kuwa ba a tsaye yake ba. Numfashi yana jan shi sama zuwa ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, musamman ta dama, nauyi kuma yana sauke shi zuwa mara, shi ya sa a waɗannan wurare da kan kitsen nan mai kama da raga aka fi samun ciwon ya zauna. Da farko ƙurajen ƙanana ne kamar an watsa gero, daga baya su girma su haɗe, kitsen ya yi tauri ya zama dunƙule guda, ruwa ya taru ciki ya kumbura, a ƙarshe hanji ya toshe.

Wannan bazuwa ta bambanta da wadda ke bin jini ta tafi huhu ko ƙashi. A jikin wasu marasa lafiya ciwon yakan daɗe a cikin ciki kaɗai bai fita ba, kuma a kan haka ne aka gina tunanin cewa idan aka kwashe shi daga inda yake, mutum zai iya samun shekaru.

Cikin mahaifiyarmu ya cika da ruwa, hoto kuma ya nuna ƙuraje a tantanin. Ya tabbata ke nan ciwon daji ne?

Bai tabbata ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mutanen ƙasashenmu. Tarin fuka yana kama tantanin ciki, kuma idan ya kama shi yakan zo da kumburin ciki da rama da ƙuraje masu kama da na ciwon daji, har gogaggen likita ya kasa bambance su a hoto. Ko gwajin jinin nan mai suna CA-125, wanda ake yi idan ana zargin ciwon dajin ƙwan mace, yakan hau a tarin fukan ciki. Ciwon hanta da ya daɗe, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda, su ma duk suna tara ruwa a ciki.

Tarin fukan ciki yana warkewa da ƙwayoyin da ake sha na wata shida ko fiye. Saboda haka kada a fara maganar tiyata babba, balle sayar da gona ko neman biza, sai an ɗebo ɗan nama daga ƙurajen an duba shi a ɗakin gwaji, an faɗi sunan ciwon da gaɓar da ya taso. Ana ɗebo naman da allura, ko ta hanyar leƙa ciki da kyamara ta ƙaramar huda. Duk sauran shawarwari a kan wannan sakamako suke ratayuwa.

Me ake yi a ɗakin tiyata?

Aiki biyu ne a zama ɗaya, kuma na farkon shi ne babba. Bayan an sa mara lafiya barci, ana tsaga ciki daga ƙasan ƙirji har zuwa mara, likita ya bi kowane lungu da ido da hannu, ya bi ƙaramin hanji tun daga farkonsa har ƙarshensa, ya ƙiyasta yawan ciwon kafin ya yanke komai. Idan ya ga za a iya kwashewa duka, sai ya fara ɓare tantanin daga inda ya kamu, kamar yadda ake ɓare fata, daga bangon ciki da mara da ƙarƙashin ƙirji. Kitsen da ke rufe hanji kusan kullum ana cire shi. Gaɓar da ciwon ya manne mata har ba ya ɓaruwa, ita ma ana cire ta ko a yanke wani sashe nata, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne saifa, da matsarmama, da wani yanki na babban hanji ko ƙarami, da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ga mata, wani lokaci har da wani ɓangare na tumbi. Ƙananan ƙurajen da ke kan hanta da wasu wurare ana ƙone su da na'urar lantarki. Wannan sashe kaɗai yakan ci awoyi masu yawa, aikin duka kuma yakan kai awa shida zuwa goma sha biyu.

Sai a zo wankin. Ana sa bututai a cikin ciki, wasu na shigar da ruwa wasu na fitarwa, tare da ma'aunan zafi, a haɗa su da inji mai dumama ruwa yana kewaya shi. Idan zafin ruwan ya kai digiri 41 zuwa 43, sai a zuba maganin ciwon daji a ciki, a bar shi yana zagayawa na minti 30 zuwa 90 gwargwadon irin maganin da tsarin cibiyar. Wasu likitoci suna barin cikin a buɗe, su ɗaga fatar gefe-gefe ta zama kamar kwano, likita ya sa hannu cikin safa mai kauri yana juya hanji a hankali domin ruwan ya taɓa ko'ina. Wasu kuma suna rufe fatar na ɗan lokaci, su riƙa girgiza cikin daga waje. Duk tsawon wannan lokaci masu sa barci suna fama da sanyaya jikin mara lafiya da ruwa mai sanyi da bargon sanyi, suna lura da fitsari da bugun zuciya, domin zafin yana ratsa jiki duka. Da lokaci ya cika sai a zuƙe ruwan, a ɗauraye, a ɗinke hanjin da aka yanke, a rufe.

Me ya sa ake zuba maganin kai tsaye a ciki, kuma mene ne amfanin zafin?

Maganin da ake ƙarawa ta jijiya ba ya isa ga ƙurajen tantani sosai, domin jijiyoyin jinin da ke ciyar da su kaɗan ne. Idan aka zuba shi a cikin ciki kuwa, ƙarfinsa a wurin yakan ninka wanda ke shiga jini sau da yawa, tunda tantanin yana rage saurin shigarsa jiki. Shi kuma zafi yana raunana ƙwayoyin ciwon, yana hana su gyara lahanin da magani ya yi musu, yana kuma taimaka wa wasu magunguna su ratsa nama. Magungunan da aka fi amfani da su su ne mitomycin C da cisplatin da oxaliplatin da doxorubicin. Ba a barin zafin ya wuce ƙa'ida, domin idan ya haura digiri 43 da yawa hanji ne zai fara lalacewa.

Amma akwai iyakar da ya kamata kowa ya riƙe: maganin ba ya ratsa nama fiye da milimita biyu zuwa uku. Ba ya narkar da dunƙulen ciwo, ba ya kuma gyara aikin da wuƙa ta bari. Abin da ake fatan ya kashe shi ne ƙwayoyin da ido ba ya gani bayan an gama kwashe duk abin da ake gani. Wanda aka wanke masa ciki alhali an bar manyan ƙuraje, ya sha wahalar aikin ne bai samu ribarsa ba.

Wa ya fara wannan aiki?

Likitan da ya fara wanke cikin mutum da magani mai zafi shi ne John Spratt na Jami'ar Louisville a Amurka, kuma an buga rahotonsa a 1980. Wanda ya tsara aikin ya yaɗa shi kuwa shi ne Paul Sugarbaker, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a birnin Washinton, ya kuma wallafa hanyoyin ɓare tantanin daki-daki a 1995. Daga nan cibiyoyi a Faransa da Holan da Italiya da Ingila da Japan suka ɗauka.

Ta yaya ake gane wanda aikin ya dace da shi?

Ana duba abu huɗu: irin ciwon, yawansa, inda ya zauna, da ƙarfin jikin mara lafiya. Wajen auna yawa, ana amfani da wani ma'auni da Sugarbaker da Pierre Jacquet suka fitar a 1996, wanda ake kira PCI. An raba ciki gida goma sha uku, tara na faɗin ciki huɗu na ƙaramin hanji, kowane gida ana ba shi maki daga sifili zuwa uku bisa girman ƙurjin da ya fi girma a wurin, jimilla mafi yawa ita ce 39. A ciwon babban hanji, cibiyoyi da yawa ba sa yin aikin idan makin ya wuce 15 zuwa 20. A ciwon tumbi iyakar ta fi haka ƙasa nesa, wajen shida ko bakwai. A ciwon afendis mai yauƙi kuwa ana iya yi ko da makin ya yi sama sosai, muddin za a iya kwashewa.

Ƙaramin hanji shi ne ya fi yanke hukunci. Mutum yana iya rayuwa ba saifa, ba matsarmama, ba babban hanji, amma ba ya rayuwa yadda ya kamata idan aka kwashe masa mafi yawan ƙaramin hanji, domin nan ne abinci yake shiga jiki. Idan ƙuraje sun yi masa feshi tun daga sama har ƙasa, aikin ya tsaya ke nan. Haka kuma idan ciwon ya tafi huhu ko ƙashi, ko ya cika hanta, ko mara lafiya ya rame har ba ya iya tashi ya yi wa kansa hidima, ko zuciya da ƙoda ba su da ƙarfi.

Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki, ba ya nuna ƙananan ƙuraje da kyau, shi ya sa ake yawan leƙa ciki da kyamara kafin a sa ranar babban aiki. Duk da haka yakan faru a buɗe ciki a tarar abin ya fi yadda aka zata, a rufe ba tare da an cire komai ba. Ya kamata a gaya wa iyali wannan tun kafin a shiga, kuma likitan da ya rufe a irin wannan hali bai gaza ba, ya kare mara lafiya ne daga aikin da ba zai amfane shi ba.

A wane irin ciwo ne aka tabbatar yana da amfani?

A nan dole a rarrabe, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Inda aka fi samun nasara shi ne wani ciwo da ba a cika gani ba, wanda yawanci daga afendis yake tasowa, yana cika ciki da wani abu mai kauri da yauƙi, kuma likitoci suna kiransa pseudomyxoma peritonei. Yana tafiya a hankali, ba ya cika fita daga ciki, kuma a da abin da ake yi shi ne a riƙa buɗewa ana kwashe yauƙin har jiki ya gaji. A wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara marasa lafiya 2,298 daga cibiyoyi 16, kashi 63 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata da wanki suna raye bayan shekara goma. Sai ciwon da ke tasowa daga tantanin kansa, mai suna mesothelioma, wanda a da ba a cika wuce shekara guda da shi ba. A wani nazari na 2009 kan mutum 405, rabinsu sun wuce wata 53 a raye, kashi 47 cikin ɗari kuma sun kai shekara biyar. Waɗannan alƙaluma an tattaro su ne daga bayanan cibiyoyi, ba daga gwajin da aka raba mutane gida biyu ba, amma tazarar da ke tsakaninsu da abin da ake samu a da ta isa ta sa aikin ya zama shi ne magani na farko ga waɗanda suka dace a waɗannan cututtuka biyu.

A ciwon ƙwan mace akwai hujja mai ƙarfi, amma a yanayi guda. A wani gwaji da aka yi a Holan da Beljiyam aka buga a 2018, an ɗauki mata 245 masu ciwo a mataki na uku, waɗanda aka fara ba su magani ta jijiya zagaye uku kafin tiyata, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, rabinsu sun wuce wata 33.9, waɗanda aka ƙara wa wanki da cisplatin na minti 90 kuwa rabinsu sun wuce wata 45.7, kuma manyan matsaloli bayan aiki ba su bambanta sosai ba. Ƙarin kusan shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga uwa mai 'ya'ya.

Labarin babban hanji shi ne ya fi koyar da darasi. A 2003 wani gwaji a Holan kan mutum 105 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata da wanki rabinsu sun wuce wata 22, waɗanda aka bari a kan maganin jijiya na wancan zamani kuma wajen wata 12 da rabi. Wannan ya sa aikin ya bazu, amma gwajin bai nuna ko wuƙa ce ta yi aikin ko ruwan zafi ba. Faransawa ne suka gwada wannan a binciken da ake kira PRODIGE 7, wanda aka buga a 2021. Mutum 265 aka kwashe wa ciwon, rabi aka wanke su da oxaliplatin na minti 30, rabi ba a wanke ba, sai aka ga rabin waɗanda aka wanke sun wuce wata 41.7 a raye, rabin waɗanda ba a wanke ba kuma wata 41.2, wato babu bambanci, matsaloli kuma sun fi yawa ga waɗanda aka wanke a cikin kwana sittin na farko. Abin lura shi ne a duka gidajen biyu rabin mutanen sun wuce shekara uku, abin da ba a saba gani ba a wannan ciwo. A fahimtata, saƙon a fili yake: a ciwon babban hanji, kwashewa tas a hannun gwani ita ce magani, wankin kuwa ƙari ne da har yanzu ake gardama a kansa, wasu cibiyoyi sun daina, wasu sun koma wanki da mitomycin C wanda ake barin sa ya fi daɗewa a ciki.

A ciwon tumbi sakamakon ya fi rauni. Wani gwaji a ƙasar Sin a 2011 kan mutum 68 ya nuna ƙarin 'yan watanni, wani kuma a Jamus mai suna GASTRIPEC bai nuna ƙarin tsawon rai ba. Ana yinsa ne ga zaɓaɓɓun mutane masu ƙuraje kaɗan, waɗanda ciwonsu ya amsa maganin jijiya.

Warkewa ake yi gaba ɗaya?

A ciwon afendis mai yauƙi marar zafin tafiya, mutane da yawa suna rabuwa da shi na shekaru masu yawa, wasu har abada. A ciwon babban hanji da ƙwan mace, wasu kaɗan suna warkewa, amma ga mafi yawa ciwon yakan dawo, kuma abin da aikin ya saya musu shi ne lokaci mai kyau, wanda suke cin abinci su yi harkokinsu. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa kafin ya ga sakamakon nama da hotuna, ku yi hattara da shi.

Waɗanne haɗura ne ke tattare da shi?

A nazarin nan na mutum 2,298, biyu a cikin ɗari sun rasu sanadiyyar aikin, kusan ɗaya cikin huɗu kuma sun gamu da babbar matsala, kuma waɗannan alƙaluma ne na cibiyoyin da suka ƙware. A gwajin Holan na 2003, lokacin da ƙwarewa ba ta kai ta yanzu ba, mutum takwas cikin ɗari ne suka rasu. Matsalar da likitoci suka fi tsoro ita ce ɗinkin hanji ya ɓalle ya yi yoyo a cikin ciki, wanda yakan sa a koma ɗakin tiyata. Sai zubar jini, da taruwar mugunya, da ciwon huhu, da ruwa a ƙirji idan an ɓare tantanin da ke ƙarƙashinsa, da daskarewar jini a ƙafa wanda ke iya tafiya huhu. Cisplatin yana iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake ba da ruwa sosai da wani magani mai kare ta. Mitomycin C kuma yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a makonnin farko. Zubewar gashi ba ta cika faruwa daga wankin kansa ba.

Yaya jinya take bayan aiki?

Ana farkawa a ɗakin kulawa ta musamman, da bututu a hanci mai zuƙe ruwan tumbi, da wasu a gefen ciki, da na fitsari, wani lokaci da na ƙirji. Hanji yakan yi kwanaki bai motsa ba, don haka a wasu lokuta ta jijiya ake ciyar da mutum. Ranar da mara lafiya ya fara fitar da iska, ma'aikatan jinya suna murna da gaske, domin alama ce hanji ya farka, daga nan sai a fara da kurɓin ruwa, sai kunu mai ruwa-ruwa, a hankali har a kai ga abinci mai laushi. Za a matsa masa ya zauna ya taka tun kwana na farko ko na biyu duk da ciwo, kuma bai kamata masu jinya su hana don tausayi ba, tunda tafiyar ce ke kare huhu da jijiyoyin ƙafa.

Zaman asibiti yakan kai mako biyu zuwa uku idan babu matsala. Gajiya da rashin cin abinci da rama kuwa sukan ɗauki wata biyu zuwa uku, wasu har shida, kafin mutum ya ji ya dawo daidai. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi, a yawaita ƙwai da kifi da nama da wake da madara. Maganar azumi a wannan lokaci sai da izinin likita, musamman ga wanda aka yanke wa hanji.

An ce za a iya cire saifa ko a sa jakar bahaya. Yaya rayuwa take bayan haka?

Saifa tana tace jini tana kuma yaƙi da wasu ƙwayoyin cuta, kuma rashinta ya fi haɗari a ƙasashenmu fiye da Turai. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi tsanani ga wanda ba shi da saifa, ga kuma sanƙarau da ke zagayowa lokacin zafi a arewacin Nijeriya da Nijar. Don haka dole ne a yi allurar rigakafin sanƙarau da ta ciwon huhu da sauran da likita zai rubuta, a riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya taso a je asibiti a ranar, a faɗa wa likita cewa an cire saifa. Wannan doka ce ta tsawon rai.

Jakar bahaya kuwa ana sa ta ne idan an fito da bakin hanji ta bangon ciki, sau da yawa don a ba ɗinkin da ke ƙasa damar warkewa, a mayar bayan 'yan watanni, wani lokaci kuma ta dindindin ce. Mutane suna jin nauyin maganar, amma masu ita suna zuwa kasuwa da aiki da masallaci ba wanda ya sani. Ga musulmi, malaman fiƙihu sun yi bayanin rangwamen da ke kan mai lalurar da ba ya iya riƙe abin da ke fita daga jikinsa, kuma yana da kyau a zauna da malami tun kafin aiki domin hankali ya kwanta. Abin da ya kamata a tanada tun da wuri shi ne inda za a riƙa samun jakunkunan bayan an dawo gida.

Mace za ta iya haihuwa bayan aikin?

Idan an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, haihuwa ta ƙare kuma al'ada za ta ɗauke nan take. Ga matasa masu ciwo marar zafin tafiya, wani lokaci ana iya barin su, ko a ɗebi ƙwai a adana kafin aiki. A yi wannan magana da likita tun a zaman farko, tare da maigida idan da hali.

Muna shirin kai Baba ƙasar waje. Me ya kamata mu tambaya?

Kafin a sayi tikiti, a tura hotuna da sakamakon nama, a nemi amsa a rubuce daga likitan da zai yi aikin da kansa, ba daga dillali ba. A tambaye shi aiki nawa irin wannan cibiyarsu take yi a shekara, nawa shi ya yi da hannunsa, mutum nawa suke rasawa, kuma me ya sa yake ganin wankin zai ƙara wani abu a irin ciwon Baba. Bincike ya nuna cewa cibiya takan yi aiki fiye da ɗari kafin hannunta ya faɗa, shi ya sa Ingila ta tattara masu ciwon afendis mai yauƙi a cibiyoyi biyu kacal, ta Basingstoke da asibitin Christie na Mancesta, maimakon kowane asibiti ya riƙa gwadawa. Mallakar injin dumama ruwa ba ita ce ƙwarewa ba.

A tambayi kuma abin da kuɗin da aka faɗa ya ƙunsa, ko ya haɗa da ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman da komawa tiyata idan matsala ta taso, domin a nan ne lissafin iyalai yake rushewa. A ƙiyasta zaman mako shida ko fiye kafin a hau jirgi, a tanadi allurar hana daskarewar jini, a kuma shirya da likitan gida wanda zai ci gaba da ba da maganin jijiya da bibiyar hotuna da gwajin jini duk bayan 'yan watanni. A dawo da cikakken rahoton tiyata mai ɗauke da makin PCI, da bayanin ko an kwashe komai, da jerin gaɓoɓin da aka cire.

An ce aikin bai dace da mara lafiyarmu ba. Me ya rage?

Abubuwa da dama sun rage. Maganin jijiya yana rage ciwon ƙwan mace sosai ga mata da yawa, yana kuma ƙara watanni masu amfani a ciwon babban hanji, har wani lokaci wanda aka ce bai dace ba da farko ya dace daga baya. Akwai wata hanya da Marc Reymond ya fara a Jamus a 2011, mai suna PIPAC, wadda ake fesa magani kamar hazo a cikin ciki ta ƙaramar huda, a maimaita duk bayan kimanin mako shida, amma manufarta rage ciwo ce, kuma ana kan nazarinta. Ruwan da ya taru ana zuƙe shi da allura mutum ya samu numfashi da wurin abinci, ana kuma iya barin siririn bututu domin a riƙa ragewa a gida. Idan hanji ya toshe, akwai magungunan rage amai da murɗa, wani lokaci kuma ƙaramar tiyata ta kewaye wurin toshewar. Raɗaɗi yana da magani har zuwa mofin, wanda likita yake ƙayyadewa, kuma shan sa a kan ƙa'ida ba ya gajarta kwana. Ku nemi a haɗa ku da sashen rage raɗaɗi na asibitin koyarwa mafi kusa tun mara lafiya yana iya zuwa da ƙafarsa, ku tafi da duk takardunsa da jerin magungunan da yake sha, har da na gargajiya.